Ramuka Biyu Masu Shuɗin Harshe

Da sunan Allah nake buɗe baki. Ni ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake yi ana rubuta min, saboda haka in kun ga magana ta karkace, daga bakina ta karkato, kada ku ga laifin mai rubutu.

Sunana Mairo, amma a Fadaman Mada in ba ka ce Goggo mai turi ba, ba wanda zai nuna maka gidanmu. Ku yaran yanzu kun tashi kun tarar waya tana miƙa wa waya abu ba igiya, shi ya sa kuke cewa turi ba sana'a ba ce, soka abu ne a rami a danna. To ku zauna ku ji. Rami ma iri-iri ne, kuma na ga ranar da amanar matan unguwa guda ta rataya a kan sanin wane rami ne wane.

Asalin sana'ar ta maigidana ce, Malam, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Da kaset ya fara a kasuwar Wunti, yana kwafa wa mutane wa'azi da karatu da waƙoƙin biki. Kaset ya mutu ya koma faifai. Faifai ya fara mutuwa ya koma tura abu a memori da filashi. A lokacin ne ya sayo kwamfutar cinya ta hannu, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda ta riga ta sha aiki a wata ƙasa kafin ta iso Bauchi. Ranar da ya kawo ta gida ya zauna da baƙin salatif ya liƙe gefunanta kaf saboda tururuwa da kyankyasai. Ramuka uku kawai ya bari a buɗe, sai wurin fitar iska da na caji da na faifai.

Aikina na farko bikin Zulai ne, 'yar Hajiya Asabe maƙwabciyarmu. Hajiya ba ta je shago wurin Malam ba, ni ta samu a tsakar gida ina tankaɗe. Ta ce, "Mairo, muna son a ɗauki kamu, amma namiji ba zai shigo mana ba. Kuma ba ma son hotonmu ya je kasuwa yara su zauna suna kallon yadda muka yar da gyale." Na kai wa Malam maganar. Sai da ya gama cin tuwo, sannan ya ce, "Ke za ki ɗauka." Ya samo ƙaramar kyamara, ya ɗiga jan farce a kan maɓallin farawa, ya sa na yi ta ɗaukar kaji da turmi har hannuna ya daina rawa. Duk da haka rabin bikin Zulai ƙafafun mutane ne da rufin kwano. Amma sauran rabin ya fito, har da inda Hajiya Asabe ta shiga fili tana rawa tana tsokanar dangin ango.

Daga nan ya bar min kwamfutar a gida, shi ya ci gaba da babbar da ke shago. Tun da ban san baƙi ba, sai ya yi min dabara. Kowane biki na je, kafin in shiga sai in fara ɗaukar ƙofar gidan. In aka zuba a kwamfuta, hoton ƙofar ne ke fitowa a fuskar jakar da aka ajiye bikin a ciki. Ta gidan Hajiya Asabe daga baya na je na ɗauko. Ni da ƙofa nake gane bikin kowa, shi kuma in ya zo shirya min jakunkuna ƙofofi kawai yake gani. Har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Mata sun san haka, shi ya sa suke zuwa. In wayar mace ta ɓata ko memori ya ƙone, ta san bikinta yana ɗakin Goggo.

Wahalar aikin ita ce jira. Ka soka filashi, ka ja jaka ka sake ta, sai wani koren layi ya fito yana rarrafe kamar hawainiya. Mace za ta zo da hantsi ta bar tukunya a wuta, azahar ta same ta a kan tabarmata. Na dama kunu don masu jira ya fi a ƙirga. Wata rana Malam ya dawo da murna, ya sayo wani abu a hannun mai talla, mai ramuka huɗu duk da shuɗin harshe. Ya ce an gaya masa shuɗi shi ne mai gudu. Muka soka shi a namu ramin mai baƙin harshe, muka jera filashi huɗu, sai layin ya ƙara lalaci, don yanzu mutum huɗu ne ke rabon hanyar mutum ɗaya. Abokinsa Alhaji Buba, mai gyaran kwamfuta a layinsu, ya haska cikin abin da tocila ya yi dariya. Ya ce fenti ne kawai. Na gaskiya haƙora huɗu gare shi a gaba da biyar a can ciki, wannan kuwa huɗun ne kaɗai. Ya ce ko da na gaskiyar ne ma, ruwa ba ya wuce faɗin bakin buta.

Shekarar da aka hana taro saboda annoba ita ce muguwar shekararmu. Ba biki, ba suna, ba kasuwa. Kafin a buɗe gari yara sun koyi tura wa juna komai da kansu, shagon Malam ya zama wurin hira. Ya sayar da babbar kwamfutar ya dawo gida. Aikin mata ne ya riƙe mu, don har gobe akwai gidajen da ba sa yarda kowa ya ɗauki matansu sai ni. A lokacin ne ya sayo wani ƙaramin akwati da ake kira rumbun waje, ya ce wata rana za mu kwashe komai mu zuba a ciki don tsaro. Wata ranar ba ta zo masa ba. Zazzaɓi ne na kwanaki kaɗan. Na wayi gari ba mai ce min "Mairo, kin cire caji?" Ina faɗa muku yanzu hawaye na zuba, kuma ba na jin kunyar zubarsu. Mutumin kirki ne, ya koya min sana'a bai taɓa ce min jahila ba.

Ina cikin takaba kwamfutar ta fara wani ƙara, ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin ƙwarya. In ta yi zafi sai ta sandare. Ana haka Zulai ta shigo min gaisuwa. Ita ma ba ta daɗe da rasa Hajiya Asabe ba. Muka yi kukanmu tare. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Goggo, an sace min waya a asibiti lokacin jinyar Hajiya. Ba ni da inda zan ƙara jin muryarta sai wurinki. Ba yanzu ba, sai kin fita." Na ce mata bikinta yana nan. Bayan ta tafi na zauna ina jin ƙas, ƙas.

Washegari na ɗauko rumbun wajen na haɗa, na ja duk ƙofofin gaba ɗaya na sake. Tun hantsi layin ke rarrafe, har azahar bai kai ko kusa da rabi ba, sai aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, nan take ta yi ɗif. Da wuta ta dawo na kunna, sai da ta daɗe kafin ta farka, ƙaran kuma ya ƙaru. Na aika a kira min Alhaji Buba.

Ya zo da matarsa Adda Jummai. Ita ta shigo ɗaki wurina, shi aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu. Bayan ta'aziyya na kunna masa ya ji.

"Uwargida, rumbun ciki ne ke mutuwa," ya ce. "Duk ɗaukewar wuta sara ɗaya ce a wuyansa. Kada ki ƙara kunna ta sai da dalili. Ba ni ita in kai shago, in cire rumbun in kwashe miki."

"Ba za ta fita gidan nan ba, Alhaji."

"Ni ne fa, Buba."

"Na san kai ne. Yaran shagonka fa? In ka tafi salla wa ke zaune?"

Adda Jummai ta ce, "Gaya masa dai. Bikin 'yarmu ma yana ciki, kuma ni na san irin rawar da na taka."

Alhaji ya ce, "To in kawo tawa kwamfutar nan, a yi a gabanki?"

"Taka ita ce dai ta shagon. Ni ban san me ke maƙalewa a cikin abu in an bi ta cikinsa ba. Kuma a taka makauniya ce ni."

Ya ja numfashi. "Ke da mijinki ba a san wanda ya koya wa wani taurin kai ba. To ki zama idona. Ramuka nawa gare ta?"

"Uku."

"Duba harshen da ke cikin kowanne. Wane launi?"

"Biyu baƙaƙe, ɗaya rawaya. Rawayan shi ne mai ƙarfi, ko an kashe ta yana cajin waya. A nan na soka."

"Wannan mai karamci ne, ba mai sauri ba. Shi da baƙaƙen tafiyarsu ɗaya. Babu shuɗi?"

"Babu."

"An ƙera ta kafin shuɗi ya yawaita. Amma irinta suna zuwa da wata ƙofa a gefe, doguwa, siririya. Shafa ki ji."

"Salatif ne ko'ina."

"Salatif?"

"Malam ya liƙe saboda kyankyasai."

Na ji ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da share hanci. Ya ce in ɓare. Na sa farce na ɓare a hankali, ina jin kamar ina warware aikin hannun Malam. A gefen hagu na tarar da wata tsaga toshe da baƙar roba. Ya ce in danna ta ciki in saki. Na danna, sai ta yi tsalle ta fito, roba ce kawai ba komai a jikinta. Na miƙa masa ta ƙarƙashin labule.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Wannan ƙofar hanyarta daban ce, ba ta bi ta ƙananan ramukan. Akwai katin da ake zurawa a nan, ya ba ki shuɗin rami. An daina yayinsa, amma zan tona."

Sai da ya zagaye masu tsofaffin kaya kafin ya samo. Ya dawo da safe shi da Adda Jummai, ya sa aka ɗauko janaretan telan da ke ƙofar gidanmu, don kada mu dogara da wutar gari. Tela ya ce a yi haƙuri a dawo masa da shi kafin magariba, yana da ɗinkin da zai kwana a kai. Katin na ƙarfe ne, bai fi kwalin ashana faɗi ba, da ramuka biyu a kansa. Kafin in karɓa na ce ya ba ni tocila. Na leƙa, na ga huɗu a gaba, biyar suna ƙyalli a can ciki.

"Kin zama injiniya," ya ce.

"An taɓa cutarmu da fenti."

Na zura katin har ya yi ƙas ya zauna. Amma ya ce kwamfuta ba za ta san baƙon da ya shigo ba sai an gabatar mata da shi, kuma wannan aikin karatu ne. Sai na ɗora ta a kan faranti na tura ta ƙarƙashin labule, igiyar wutarta tana nan cikin ɗaki. Na ɗaga gefen labulen kaɗan ina kallon hannunsa. Ya sa wani ɗan faifai, ya danna abin da zai danna, bai je ko kusa da ƙofofin mutane ba. Ya turo min kayana.

Na haɗa rumbun waje da shuɗin rami, na yi bisimilla, na ja na sake. Koren layi ya fito. Na zuba masa ido. Rarrafensa na jiya, shi ne na yau.

"Yaya?" ya ce.

"Yana nan yadda yake."

"Ba zai yiwu ba. A shuɗin kika soka?"

"Alhaji, ban yi makaranta ba, amma na san shuɗi."

Ya sa na cire na mayar, ya sa na koma ɗaya ramin. Ba canji. Kwamfutar ta fara ɗumi, ƙas, ƙas ɗin yana zuwa a kai a kai, janareta yana shan mai a waje. Na ji Alhaji yana magana shi kaɗai, yana cewa ko katin ne ya mutu. Ni kuwa fuskar Zulai kawai nake gani. Na fara kuka ba sauti.

Adda Jummai, wadda tun zuwanta take ɓarar gyaɗa, ta sunkuyo ta kalli akwatin. Ta ce, "Ni fa ban san komai a nan ba, amma wannan ramin ya fi abin da aka cusa masa faɗi. Kamar an sa wa babba takalmin yaro."

Alhaji ya ɗaga murya. "Wane rami?"

"Na jikin akwatin," na ce. "Igiyar rabi ta kama. Haka Malam ya gwada min, kuma tana aiki."

"Wace igiya ce?"

"Tamu ta kullum, ta tura abu a waya."

"Ina wadda ta zo a kwalin akwatin? Mai faɗin kai, mai tsaga a tsakiya?"

"Tana adaka. Ai sabuwa ce."

"To?"

"Tsohuwar ba ta mutu ba."

Haka muke a gidanmu tun aurenmu. Ba a taɓa sabon abu sai tsoho ya gama aiki, ko tsintsiya ce ko takalmi. Malam in ya sayo sabuwar hula, sai ta shekara a leda. Alhaji Buba ya kira sunan abokinsa da ƙarfi, ya ce, "Kai, har bayan ranka sai ka ba ni wahala!" Ya yi dariya har da tari, Adda Jummai ta kama, ni ma na ji dariya ta kufce min a tsakiyar kuka, ta farko tun rasuwar.

Ya ce, "Uwargida, rami mai sauri, akwati mai sauri, igiya gurguwa. Duk ukun sai sun zama ɗaya. Tashi ki buɗe adaka."

Na same ta ƙarƙashin zannuwa, a naɗe da 'yar wayar da aka ɗaure ta tun daga kamfani. Kanta ɗaya ya cike ramin akwatin tsaf, ɗaya kan kuma da shuɗin harshe. Na tsayar da turin, na canza igiya, na sake ja. Wannan karon layin ya miƙe yana tafiya kamar ruwa ya samu kwata. Na ce, "Alhaji, yana gudu." Ya ce, "Kada ki taɓa komai. Ɗora ta a kan wani abu iska ta shiga ta ƙasa." Muka ɗora ta a kan murfin kwano biyu, Adda Jummai ta ɗauki mafici tana yi mata fifita kamar mai jego.

Mun yi azahar ɗaya bayan ɗaya, don kada a bar ta ita kaɗai. Sau da yawa layin yakan tsaya, rumbun ya yi ƙas, ƙas, wani rubutu ya fito. Sai in kwatanta wa Alhaji siffarsa, ya ce in danna na tsakiya, wato a tsallake wannan a wuce. Duk tsallakewa na san bikin wata ne ya samu rauni. Ana kiran la'asar layin ya kai ƙarshe ya ɓace.

Na buɗe rumbun waje na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kaɗan sun zo da giɓi, kuma daga baya na aika wa masu su na gaya musu gaskiya. Wasu suna da nasu a waya, wata ɗaya ba ta da shi, ta yi haƙuri, ni ban daina jin ciwonsa ba. Da na iso kan koriyar ƙofa mai ƙusoshi, ta gidan Hajiya Asabe, hannuna ya ƙi dannawa sai da Adda Jummai ta ce in danna mana. Ƙafafu suka fito, rufin kwano ya fito, sai ga Hajiya a tsakiyar fili tana nuna dangin ango da yatsa. Na rage murya don kada ta kai bakin ƙofa. Na ce, "Alhaji, ya tsira." Ya ce, "Allah mun gode maka," ya tashi ya je ya kashe janareta.

A ranar na aika wa Zulai, ban jira fita takaba ba. Ta zo da sabon filashi, na soka a shuɗin rami, kafin ta gama tambayata ya haƙuri an gama. Ta ce, "Har an yi?" Na ce har an yi. Ta roƙe ni in kunna mata a nan. Ta kalla ta maimaita, tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Tsohon rumbun bai ƙara mako ba ya daina tashi. Alhaji Buba ya zo da wani ya sa, ya mayar min da komai yadda na saba gani, a bakin labulen nan dai. Da ya gama ya riƙe mataccen a hannu, ɗan abu kamar sabulun wanka. Ya ce a kasuwa akwai masu sayen irinsa, wasu har sukan tashe shi su ga abin da ke ciki.

Na ce, "Kwance min shi."

Ya kwance murfin ya turo min. A ciki akwai wani faifai mai sheƙi, na ga fuskata a jikinsa. Duk abin da ke kansa ni da Malam muka tara, tun daga kajin da na koyi ɗauka da su. Na riƙe shi na daɗe. Sannan na fita tsakar gida na sa shi a tsohon turmi, na ɗauki taɓarya. Bugu ɗaya ya tarwatse kamar madubi. Na ci gaba da daka ina kuka har ya zama gari.

Adda Jummai tana tsaye a kaina. Ta ce, "Ya isa, Mairo. Ko aljani ba zai ga rawata a nan ba."

Na kwashe garin a tsumma na ƙulle, na ba Alhaji ya jefa a masai da hannunsa. Sannan na wanke hannu na koma ɗaki, don akwai mata biyu zaune da filashinsu suna jirana.